Yadda ake sa irin dankalin turawa ya yi tsiro kafin a kai shi kunya

Dankalin turawa da aka haƙo yau ba ya tsira gobe. Bayan an fitar da shi daga ƙasa yakan yi barci na wata biyu zuwa uku, gwargwadon nau'insa da zafin wurin da aka ajiye shi. Idan ka binne shi yana cikin wannan barcin, zai zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa sati uku, huɗu, wani lokaci fiye, kuma a wannan zaman ne ruɓa da gara da ɓera suke samun rabonsu. Wanda ya tsira ma ba ya fitowa tare: wannan gindi ya kai gwiwa, na kusa da shi bai fasa ƙasa ba. Irin da aka bari ya yi gajeren tsiro mai kauri kafin shuka kuwa yakan fasa ƙasa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma kusan a lokaci ɗaya.

A Jos wannan ratar ta sati ɗaya ko biyu ba ƙaramar riba ba ce. Cutar nan mai ƙone ganye, wadda ke mayar da shuka baƙi ƙirin cikin 'yan kwanaki, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa kuma hazo ke kwana a kan ganye. Dankalin da ya fito da wuri yakan riga ya yi 'ya'ya masu girma kafin ta sauka. Wanda ya makara tana samunsa yana fure.

Kayan da za ka tanada

Irin dankali. Ga ɗan lambun bayan gida mai kunya 4, kowace tsawon mita 6, kana buƙatar ƙwaya 80, wato kimanin kilo 4 idan girmansu na ƙwan kaza ne. Sayi kilo 5, domin sai ka zubar da wasu.

Kiret ɗin ƙwai na kwali guda 3. Kowane yana ɗaukar 30, kuma ramukansa suna riƙe dankalin a tsaye. Babu abin da ya fi shi dacewa da wannan aiki. In babu, faifai, tire, ko kwalin taliya da aka yanke bakinsa ya zama gajere duk za su yi.

Buhun algarara ko kwali mai murfi, na kwanakin farko. Kada ka yi amfani da leda ko buhun da ba ya numfashi.

Benci, tebur ko katako a kan bulo, don ɗaga irin daga ƙasa. Sai ragar sauro tsohuwa ko ta waya, tokar murhu busasshiya wadda aka tankaɗe, da busasshen ganyen bishiyar turare ko na darbejiya. Wuƙa da ruwan Hypo ko Jik sai in yanka ya zama dole.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ginshiƙin aikin: wuri mai haske sosai amma wanda rana ba ta dukansa kai tsaye, mai iska, mai ɗan sanyi.

1. Ƙirga kwanaki baya daga ranar shuka

Ka ba aikin sati 4 zuwa 6. Masu noman damina a Filato suna shuka daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, idan ruwa ya zauna, don haka a fara a tsakiyar Maris. Masu noman rani da ban ruwa suna shuka a Oktoba da Nuwamba, su kuma su fara a Satumba.

Tambayi mai sayarwa yaushe aka haƙo dankalin. Wanda aka haƙo a noman rani, Janairu ko Fabrairu, shi ne irin damina. Wanda aka haƙo a Yuli ko Agusta shi ne irin rani. Idan fatar tana saɓulewa da ka murza da babban yatsa, sabon haƙa ne, bai ma gama warkewa ba, kuma babu dabarar da za ta tashe shi cikin sati huɗu.

2. Zaɓen iri

A nan ne yawancin masu farawa suke asara tun kafin su taɓa fartanya. Dankali ba kamar masara ba ne. Ƙwayar da ka shuka yankin jikin uwar ce, duk cutar da uwar take da ita tana ciki.

Mafi kyau shi ne ka samu iri daga wanda ya noma shi musamman don iri. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta take Umudike, tana da sashen dankalin turawa a Kuru, kusa da Jos, kuma malaman gona na jihar Filato suna iya nuna maka manoman iri a Bokkos, Mangu da Barikin Ladi. Nau'o'in da aka saba da su a nan sun haɗa da Nicola mai dogon jiki da rawayan ciki, da Marabel, da Diamant. Kada ka cakuɗa nau'i biyu a kiret ɗaya, domin ba sa farkawa tare, ba sa nuna tare.

In kasuwa ce kawai mafitarka, Farin Gada ko Maikatako, to ka zaɓa da hannunka ɗaya bayan ɗaya, kada a auna maka a rufe. Ka kuma yi hattara da ƙananan nan da ake warewa gefe a ce “na iri ne”. Sau da yawa ƙanƙantarsu ta fito ne daga uwa mai ciwo wadda ta kasa yin manyan 'ya'ya, kuma shekara bayan shekara ana shuka su amfanin yana raguwa. Ƙarami daga lafiyayyar gona iri ne mai kyau, amma ƙarami daga tarin kasuwa caca ne. Dankalin manyan kantuna da aka wanke aka ƙulle a leda shi ma a bar shi wa tukunya, don wani ana sa masa maganin hana tsiro.

Abin da kake nema: girman ƙwan kaza, giram 40 zuwa 60, mai tauri, fata lafiyayya, idanu da yawa.

Abin da za ka jefar: mai taushi ko wari, mai tabo launin ƙasa-ƙasa da ya lotsa ciki, wanda alamar cutar ƙone ganye ce, mai ƙananan ramuka da baƙin gari a bakin ido, wato tsutsa ta shiga, da wanda ƙasa ta manne wa idanunsa kamar an liƙa da danƙo. Wannan na ƙarshen shi ne mafi hatsari. Alama ce ta cutar da ke sa shuka ta yi yaushi ta mutu alhali ƙasa a jiƙe take. Don ka tabbatar, ɗauki guda 5 daga cikin tarin ka raba su biyu. Idan ka ga zobe launin ƙasa a ɗan cikin fata, kuma da ka matsa wani farin ruwa mai yauƙi ya tsattsafo daga zoben, kada ka sayi ko ɗaya daga wannan buhun. Cutar tana zama a ƙasa shekaru, kuma tana kama tumatir, barkono, attaruhu da yalo. Lambun gida ƙarami ne, ba ka da wani fili da za ka koma.

Kada ka wanke irin. Goge ƙasar da hannu ko busasshen tsumma ya isa.

3. Tashe shi a duhu

Idan idanun sun riga sun nuna ɗan fari kamar kan allura, tsallake wannan mataki. Idan kuwa a rufe suke, zuba irin a buhun algarara ko kwali, kada ya wuce hawa uku, ka ajiye a ɗaki mai ɗumi da duhu. Ɗumi da duhu ne ke buɗe ido. A Maris kowane ɗaki a Jos yana da ɗumin da ake so. A sanyin hunturu kuwa sai ka nemi kusurwar kicin ko sito, nesa da murhu.

Buɗe ka duba kowane kwana biyu. Da zarar yawancinsu sun nuna farin tsiro kamar ƙwayar shinkafa, fitar da su. Wannan yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da buhun. Kwana goma na ƙari a duhu sun isa su ba ka dogayen fararen tsiro masu kama da taliya, waɗanda ke karyewa da an taɓa.

4. Cire tsiron kai idan shi kaɗai ne

Dubi dankalin da kyau. Yana da gindi, inda ya rabu da uwarsa, wani lokaci da ɗan busasshen zare a wurin. Yana kuma da kai, inda idanu suka taru. Idon da ke tsakiyar kai shi ke fara farkawa, kuma muddin yana nan yana girma, yakan danne sauran su ci gaba da barci. In ka shuka shi haka, kara ɗaya zai fito, kara ɗaya kuma 'ya'ya kaɗan yake bayarwa.

Saboda haka duk ƙwayar da ka gani da tsiro ɗaya tilo a kai, murɗe shi da yatsa ka cire. Mai farawa yakan ji tsoron wannan, yana ganin ya kashe irin. Bai kashe ba. Cikin sati ɗaya zuwa biyu idanu uku, huɗu ko biyar za su buɗe a madadinsa. Amma sau ɗaya ake yi. Kowane tsiro da aka cire ya tafi da wani abu daga abincin da ke cikin ƙwayar, in aka maimaita sau biyu, sau uku, sai ta yamushe ta ba da raunanan kara. Wadda ta fito da tsiro da yawa da kanta, kada ka taɓa ta.

5. Jera shi a haske

Sa kowace ƙwaya a ramin kiret, kai sama, gindi ƙasa. A faifai ko tire, hawa ɗaya kawai, kada wata ta hau wata. Ɗora a kan benci, ka ɗan barbaɗa busasshen ganyen turare ko darbejiya a tsakani, ka yafa ragar sauro a sama yadda ba za ta kwanta kan tsiron ba.

Haske ne ke hana tsiro tsawo. A duhu tsiro yana ɗauka yana ƙarƙashin ƙasa ne, sai ya miƙe yana neman hanyar fita. A haske kuwa sai ya tsaya, ya yi kauri, ya rine zuwa kore ko shunayya, ya fara fitar da ƙananan ƙuraje a gindinsa, waɗanda su ne saiwoyin gobe. Gwajin hasken mai sauƙi ne: idan za ka iya karanta jarida a wurin da rana ba tare da kunna fitila ba, ya isa.

Rana kai tsaye kuma ɓarna ce. Tana dafa ƙwayar, ta busar da ita, ta ƙone kan tsiron. Baranda mai inuwa, gefen taga mai labule fari marar kauri, ko rumfar ciyawa duk sun dace. Ka guji ƙarƙashin kwanon da ba shi da silin, musamman a Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Jos yake kai wa digiri 30 ko fiye. Abin da irin yake so shi ne tsakanin 15 zuwa 20, kuma ko ba za ka samu haka daidai ba, nemi wuri mafi sanyi a gidan. Tsayin da Jos take da shi, kimanin mita 1,200 daga teku, shi ya sa wannan yake yiwuwa a baranda ba tare da wata na'ura ba. Wanda ke Abuja sai ya haƙura da damina, ya jera irinsa a Oktoba don ya shuka a Nuwamba, ya ci moriyar sanyin hunturu.

Idan kana son ɗora kiret kan kiret saboda ƙarancin wuri, sa katako ko bulo a kusurwoyi ka bar tazarar taƙi ɗaya, kuma ka riƙa sauya na sama da na ƙasa. In hasken daga gefe ɗaya yake zuwa, juya kiret ɗin kowane kwana uku.

Ba a yayyafa ruwa. Ƙwayar tana da ruwan da take buƙata a cikinta, jiƙa ta kuma kiran ruɓa ne. A lokacin busasshiyar iska za ka ga fatar ta ɗan tattare. Wannan ba komai, muddin ƙwayar ba ta yi laushi kamar soso ba.

Gargaɗi ga mutanen gida: irin zai zama kore, kuma koren dankali yana da dafi. Ga shuka wannan alheri ne, don yana ƙara wa fatar ƙarfi, amma ba a cinsa, ba a ba wa akuya ko kaji, kuma dafawa ba ta kashe dafin. Faɗa wa mai girki da yara tun ranar farko.

6. Dubawa sau biyu a sati

Ɗaga kowace ƙwaya ka duba ƙasanta. Wadda ta fara ruɓewa, fitar da ita nan take tare da yanke ramin kwalin da ta jiƙa. Kada ka jefa ta cikin tarin taki, binne ta nesa da lambu ko ka ƙone.

Abokan gaba uku ne. Na farko ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka da ke yawo da magariba, yana yin ƙwai a idon dankali, tsutsarsa ta huda ciki. Ragar sauro da ganyen turare dominsa aka sa su. Na biyu darɓa, ƙananan ƙwarin nan kore da ke taruwa a kan tsiro suna tsotsa. Ɓarnarsu ba a tsotsar take ba, a cutar da suke ɗaukowa daga wata shuka take. Murƙushe su da yatsa ko ka barbaɗa toka kaɗan. Na uku ɓera, kuma maganinsa ɗaga benci daga bango da sa tarko.

Akwai kuma ƙwayar da za ta fitar da tsiro siriri kamar zare, ko a haske. Wannan alamar ciwo ce ko tsufa. Cire ta. Wadda ta ƙi buɗe ido bayan sati shida alhali 'yan'uwanta sun yi, ita ma a ware ta.

7. Gane cewa ya kai

Tsiro 3 zuwa 5 a kowace ƙwaya, tsawon santimita 1 zuwa 2, wato kamar gaɓar ƙarshe ta ɗan yatsa, masu kauri, kore ko shunayya, waɗanda ba sa faɗuwa idan ka shafa su a hankali. Shi ke nan.

Yawan tsiron yana da nasa hisabi. Kara da yawa suna ba da 'ya'ya da yawa matsakaita. Kara kaɗan suna ba da 'ya'ya kaɗan manya. Idan manya kake so na suya, bar guda 3 mafi ƙarfi ka murje sauran ranar shuka. Idan kana son ka samu irin baɗi, bar su duka.

8. Batun yanka

Shawara ita ce kada ka yanka. Wuƙa ɗaya da ta ratsa ƙwaya mai ciwo za ta raba cutar ga duk wadda ta biyo baya, kuma yankakken dankali a ƙasar damina saurin ruɓa gare shi. Amma idan manya kaɗai ka samu, masu girman dunƙulen hannu, kuma ka amince da gonar da suka fito, raba kowace biyu daga kai zuwa gindi, ba a kwance ba, don kowane ɓari ya samu rabonsa na idanun kai. Kowane ɓari ya kasance da tsiro 2 aƙalla kuma kada ya gaza ƙwan kaza. Tsoma wuƙar a ruwan Hypo, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, bayan kowace ƙwaya. Shafa toka a fuskar yankan, ka shanya a inuwa kwana 3 zuwa 4 har ta yi ɓawo. Ba a yanka yau a shuka yau.

9. Kai shi kunya

Kai irin lambu a cikin kiret ɗinsa. Juye shi a buhu ko bokiti yana karya tsiron da ka yi sati shida kana reno.

Zaɓi wurin da ba a shuka dankali, tumatir, barkono ko yalo ba a shekaru biyu zuwa uku da suka wuce. Tazarar kunya da kunya santimita 75, gindi da gindi santimita 30, zurfi kimanin santimita 10. Ajiye ƙwayar tsiro na kallon sama, ka rufe da ƙasa mai laushi da hannu, kada ka taka. Ƙasar ta kasance da danshi amma ba caɓi ba. Shuka da safe ko da yamma ya fi, don ƙasa mai zafi tana ƙone tsiro.

Takin gargajiya ya zama wanda ya ruɓe sarai, a gauraya shi da ƙasa tun wajen yin kunya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro. Takin zamani, NPK 15:15:15, cikin akwatin ashana ɗaya ya ishi gindi guda, a sa shi gefe da tazarar yatsu huɗu, kada ya taɓa ƙwayar.

Idan abu ya kuɓuce

Tsiron ya riga ya yi tsawo fari a buhu: in bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, jera shi a haske, cikin sati ɗaya zai yi kore ya ƙara ƙarfi. In ya wuce haka kuma ƙwayar na da tauri, cire su duka sau ɗaya, ka jera a haske, ka jira sababbi sati biyu zuwa uku. In ƙwayar ta riga ta yamushe, nemi wani irin.

Iri ya kai amma ruwa bai zauna ba: bar shi inda yake, ka ƙara masa haske da iska. Irin da ke haske yana iya jiran sati uku ko huɗu ba tare da ya lalace ba. Kada yayyafin farko na Afrilu ya ruɗe ka. Irin da ya yi tsiro yana fitar da saiwa da ya ji danshi, in kuma fari ya biyo baya saiwar ta bushe, ya fi wanda bai tsira ba shan wahala. Sai dai in kana da rijiya ko famfo da za ka riƙa ba shi ruwa.

Lokacin shuka ya zo amma rabi ne kawai suka yi tsiro: shuka waɗanda suka kai a kunyoyinsu daban, ka ba sauran kwana goma su cim musu a wata kunyar. Haɗa su a layi ɗaya yana sa manya su rufe ƙanana da inuwa, kuma ranar tara ƙasa a gindi, sati uku zuwa huɗu bayan fitowa, za ka rasa wanda za ka bi.